Zanen Fuskar Inna

Hoton Inna guda ɗaya ne a duniya. A Maraɗi aka ɗauke shi, shekarar da ta yi katin shaida, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana. Yana cikin kwallata shekara da shekaru, har yoyon damina ya same shi, ya yi tabo, ya tsage ta gefe.

Aka ce mani akwai mai gyaran hoto a bakin iyaka, inda motocin Maraɗi ke lodi. Na ja sandata na tafi. Ya karɓa, ya jujjuya, ya ce, "Hajiya, ki dawo jibi. Sai kin rantse jiya aka ɗauke ta."

Jibi na koma. Ya miƙo mani wata mata cikin gilashi, fara sol, kumatu sumul kamar ƙwai, furanni a bayanta.

Na ce, "Wagga uwar wa ce?"

"Taki mana. Kwana na yi ina goge ƙarzunan nan na fuska. Hoton ya sha wuya."

Innalillahi! Ƙarzuna! Zanen Gobir da wanzami ya yi wa Inna tana jaririya, wanda da shi ake gane ta daga nesa a kasuwar Jibiya, shi ne wannan bawan Allah ya share kamar dauɗa.

Na ce, "Ɗan nan, ɗago ka dube ni. Ni ma ruwa ne ya ɓata ni?"

Ya dubi kumatuna, ya sunkuyar da kai.

"Ina na asalin?"

Ya dinga tonon takardu, har ya zaro shi daga ƙarƙashin kofin shayi. Na ƙwace. Sai dai ruwa ya riga ya cinye kuncin hagu, ba a ganin zanen wajen.

Ya ce to ta ina zai san yadda zanen yake?

Na jawo benci na zauna, na ture mayafi. "Irin nawa ne sak. Ɗauka."

Ya ɗauki kuncina da waya, ya zauna gaban kwamfuta yana mayarwa layi-layi, ina tsaye a kansa. Ya tsallake ɗaya, na sa ya koma. Na ce ya maido mata baƙinta, ya kwashe furannin, ba biki ta je ba.

Da la'asar Inna ta dawo cikin gilashin, da zanen fuskarta. Ƙaramin hoton kuwa na ƙulle shi a bakin zane, bai ƙara kwana hannun kowa ba.