Ƙarar Rufin Motar Ticha

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ban tsammanin zai ɗauke damunar da maƙwabcina ya yi fama da rufin motarsa ba.

A Gangaren Tudu muke, katanga ɗaya ta raba mu. Kirista ne, tsohon malamin firamare, kowa Ticha yake ce masa. Ni ina rubutun allo da ajami a zaure, shi yana karanta jaridarsa a gefena, haka muka tsufa. Matarsa tela ce. Wata shekara bas ta kife da ita, ta daɗe a matse a ciki kafin a fito da ita. Allah Ya ba ta lafiya, amma tun daga nan ba ta sake shiga mota ba.

Shi ya sa Ticha ya samo wata tsohuwar mota mai rufin tamfol, wanda ake naɗewa baya. In rufin yana buɗe, takan yarda a zaga da ita unguwa. Sai damuna ta sauka, dole a rufe. Da an rufe kuwa, sai rufin ya kama kuka, ƙii-ƙii ta gefe, kaf-kaf ta gaba. Ta ce irin ƙarar da bas ɗin ta yi ke nan kafin ta kife, ta fita ta koma ɗaki.

Ana cikin haka 'yarsu da ke aure a Garaku ta haihu, haihuwar fari. Uwa ce ke zuwa wankan jego. Matar Ticha ta ɗaure kayanta, kayan suka zauna a bakin ƙofa.

Wani bakanike ya taɓa lafta wa rufin giris, ƙasa ta manne, kukan ya ƙaru. Ticha ya wanke robar bakin rufin da sabulu, ya bar ta ta bushe, ya shafa mata man roba, ya bi ƙarafunan da ke naɗewa ya ɗaure notinansu. Kukan gefe ya mutu, na gaba ya rage. Ya ce, "Malam, zo mu gwada." Muna tafe sai na ga ya ɗora yatsa a kan ƙugiyar da ke kama rufin da gilashin gaba, ta hannun dama. Ƙarar ta tsaya cak. Ya ɗauke, ta dawo.

Na ce, "Alhamdu lillahi, ka samo ta."

Ya ce, "Na samo. Amma ka yi shiru, ba ni zan gyara ba."

Da muka dawo ya leƙa ɗaki. "Maman yara, kunnena ya tsufa. Ke da kike jin keken ɗinki in zare zai tsinke, zo ki nuna mana inda take."

"Ku biyu da gemunanku?"

"Malam ma sai carbi yake ja."

Ta yi tsaki, amma ta fito. Ta zauna a gaba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya jijjiga motar da hannu. Ta ce ba a ji, sai an tafi. Da kanta ta ja ƙofar. Ina baya ina kallon yadda ta damƙe kujera, muna tafiya kamar masu rakiyar tsohuwa. Kaf-kaf. Ta karkata kai, ta saki kujerar, ta fara laluben rufin. Can ta ce, "Ga ta. Ƙarfe ne yake bugun ƙarfe. Wannan ne ya gagare ku?"

Da muka koma gida ta yanko ƙyalle daga ragowar atamfa, ta naɗe harshen ƙugiyar, ta ɗinke tamau. Muka sake fita, shiru sai ruwa a kan tamfol. A mahaɗar hanya ta ce, "Baban yara, koma ka ɗauko kayan nan."

Na daɗe ina auna ko abin da ya yi yaudara ce. Kunnensa dai ya tsufa, wannan gaskiya ne. Abin da na koya a wurinsa shi ne, mai tsoro ba lallashi kawai yake bukata ba. Wani lokaci sai ka janye hannunka daga abin da ka iya, ka bar shi ya kama da nasa. Ticha ya rasu, motar ta daina tashi, amma ƙyallen atamfar yana nan a jikin ƙugiyar.