Malam Fensir da Wayar da ke Cikin Bango

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, ina ƙofar shago muna ja-in-ja da wani mai wayarin, irin masu sa wayar lantarki a gidaje, a kan farashi, sai shugabar ajinmu ta kira ni. Ta ce Allah ya yi wa Malam Fensir rasuwa a asibiti, bayan jinyar kwana tara. Na Allah muke, kuma can muka nufa gaba ɗayanmu. Mai wayarin bai san abin da ya faru ba, ya ci gaba da neman ragi. Ni da ban taɓa barin wani ya ci ni a ciniki ba, na ce ya ɗauka yadda ya taya. Ya dube ni, ya tambaya ko lafiya.

Ba lafiya ba, Malam. Tun ranar nan ba lafiya ba.

Kai ka san abin da ya kai ni kwaleji ina ɗan shekara arba'in da shida, da furfura a gemu. Ba ƙishirwar ilimi ba ce. Shekara ashirin ina sayar da wayar lantarki, amma duk inda na nemi kwangila sai a ce ina takarda. Na ce to, in takarda ce, bari in je in samo ta. Na shiga karatun gudanar da kasuwanci na Asabar da Lahadi. Sauran darussan ban sha wuya ba: abin da malamai ke zanawa a allo game da riba da jan hankalin mai saye, mu a kasuwa a tsaye muke yin sa. Da na ga akwai darasin shugabanci da ɗa'a, na yi dariya, na ce wannan wa'azi ne, a ba ni maki kawai.

Sai ka shigo, da tsohuwar jakarka mai yagaggen hannu, fensir a bayan kunne, reza a aljihun gaba. Ba ka taɓa ba da maki da biro ba. Da aka tambaye ka dalili, ka ce mutum yana canzawa, don haka ba ka son rubuta hukuncinsa da abin da ba ya goguwa. Daga nan sunan ya bi ka, har masu gadi da shi suke kiran ka.

Ina tuna matar nan mai gidan burodi da ke zuwa aji da goyo. Ran jarrabawa jaririyar ta ƙi yin shiru, matar ta tashi za ta fita tana hawaye. Ka karɓi yarinyar, ka yi ta zagaya baranda da ita awa biyu, har ta yi maka tumbuɗi a kafaɗa. Ka dawo kana cewa yau ka samu wadda ta yi wa darasinka sharhi na gaskiya. Ina tuna direban nan da karatu ke yi wa nauyi, yadda kake zama da shi a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi, kuna bin layi ɗaya-ɗaya da yatsa. Waɗannan kowa ya gani. Nawa ne ba wanda ya sani, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A zango na ƙarshe ka ce kowa ya kawo abu ɗaya daga cikin hajarsa, ya tsaya gaban aji ya faɗi aibinsa. Na zaɓo waya mafi kyau a shagona, jan ƙarfe zalla. Na tsaya na zuba zance, na ce aibinta ɗaya, tsada. Aji ya yi tafi. Kai ma ka yi murmushi, ka ce in same ka a ofis.

Ofishin nan naka mai fanka ɗaya da ba ta juyawa sai an tura ta da rula. Ka buɗe aljihun tebur ka fito da guntuwar jar waya. Ashe tun mako biyu da suka wuce ka je shagona ba na nan, ka saya a hannun ƙanena, ka ce a ba ka wadda aka fi saye. Ka zaro rezar nan, ka feƙe robar, ka kankare jan da ke sama, sai ga farin alminiyam yana ƙyalli. Irin wayar da in kaya ya yi mata yawa take zafi a cikin bango, ba mai gani, sai ranar da ta kama da wuta.

Na fara abin da na iya. Na ce kowa haka yake yi, na ce talaka ba ya iya sayen mai kyau, na ce ni ma haka aka kawo mini. Ka bar ni na gama tsaf, sannan ka ce: "Mai Waya, a ɗakin da 'ya'yanka suke kwana, wacce ka sa?"



Ba ka tona ni a aji ba. Ka miƙo mini takarda da fensir, ka ce in rubuta duk ginin da na san wayar ta shiga. Na rubuta sha huɗu. Ka ce shugaba shi ne wanda yake komawa ya gyara abin da ba wanda ya kama shi da shi, kuma wannan ita ce jarrabawata. Wata biyar muna bi. Ba aikinka ba ne, amma duk ranar da zan je sai ka hau bayan babur ɗina, jakarka a cinya. A ɗakin kwanan wata makaranta, shugabar makarantar ta zage ni tas, kai kana tsaye a gefena kanka a ƙasa, kamar kai ka sayar. Da muka fito ka ce, matar nan ta iya tsara magana, da ɗalibarka ce da ta ci maki. Muka fasa bango, muka zare, muka sa mai kyau. Kowane gini aka gama, sai ka ja masa layi.

Da muka ja layi na sha huɗu na ce alhamdu lillahi, a ba ni makina. Ka ce saura ɗaya. Ka rubuta a ƙasa: waɗanda ban sani ba. Mutanen da suka saya suka tafi, ba suna, ba adireshi. Ka ce hanya ɗaya ce, in fito fili in sanar. Nan na tuje. Na ce Malam, ɗan kasuwa sunansa ne jarinsa. In na faɗi wannan da bakina, maƙwabtana za su yi biki, kwangilar da na shigo karatun dominta kuwa ta tafi. Ba ka yi fushi ba. Ka ce gurbin makina yana nan a buɗe, ba ka sa mini faɗuwa ba, kana jira.

Na bar ka kana jira wata bakwai. 'Yan ajinmu suka sa rigar yaye ɗalibai, ni na ce wa uwar yara wai an samu kuskure a ofis. In na hango ka a titi sai in sauya hanya. Da na ji kana asibiti na ce gobe zan je. Goben nan tara na yi.

Da na je gaisuwa, Hajiya, mai ɗakinka, ta tambaya ko ni ne Mai Waya. Ta shiga ciki ta fito da takardar nan, ta ce a jakarka aka same ta, kuma ka bar saƙo a ba ni, wai na san sauran. Layi sha huɗu a soke, ɗaya a tsaye. A makon nan kuma wani ma'aikacin kwaleji ya ja ni gefe ya ce yanzu hanya ta buɗe, sabon malami zai sa hannu a makina ba tambaya. Malam, ba zan ɓoye maka ba, sai da na tsaya na yi tunani. Ka san ɗalibinka.

To ga amsata a bainar jama'a, a makare. Ni ne mai shagon wayar lantarki na uku daga ƙofar gabas, a layin masu kayan wuta, mai koren ƙyaure. Duk wanda ya sayi jar waya mai araha a wurina, daga shekara shida da suka wuce zuwa bara, ya sani ba jan ƙarfe ba ce, kuma tana iya tayar da gobara. Na san haka lokacin da na sayar. Ya zo ko ya aiko, zan zare ta in sa mai kyau, ba zai biya komai ba. Wanda ya ga dama ya haɗa da zagi, zan tsaya in ji, ko da yake yanzu ba mai tsayawa a gefena.

Ya Allah, ga bawanka da bai taɓa rubuta wa kowa hukunci da abin da ba ya goguwa ba. Ka shafe masa kurakuransa, ka haskaka makwancinsa, ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'yansa huɗu, da jikoki, da abokan aikinsa, da ɗalibansa na da da na yanzu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani.

Takardar tana aljihuna, Malam. Layi na ƙarshe ban soke shi ba. Ba ni ke ba da maki ba.