Kwanciyar da Baba ya ƙi yi

Jama'a, yau saura ƙiris mu rasa Baba!

Na kawo shi asibiti daga Kuyello a auna taurin jijiyoyin jininsa. Nas ta ce, "Baba, kwanta rigingine, a zaune awon ba ya fita daidai."

Ya ce, "Ni gawa ce da za a miƙar da ni?"

Haushi ya kama ni, na danne shi kan gado. Ya ɗauke ni da mari, tas! Kafin in dafe kunci sai harbi daga bakin daji, tatatata! Gilashin taga ya tarwatse. Harsashi ya huda bango daidai inda kansa yake ɗazu!

Duk muka zube ƙasa. Baba kuwa yana kwance kan gado ko motsi bai yi ba, ya ce wa nas, "Auna, 'yata. Yau sai kin ce in tashi."