Ruwan Inabin da Na Manta a Ɗakin Ajiya

A tsakar gidanmu da ke unguwar Harra ta Gabas a Madina akwai itacen inabi guda ɗaya. Baba ne ya dasa shi tun ban san dama da hagu ba, da reshen da wani tsohon manomi ya ba shi a wajejen masallacin Kuba, kafin gine-gine su cinye gonakin. Farin inabi ne, 'ya'yansa ƙanana, fatarsa ba kauri, har kana hango ƙwallon ciki idan ka ɗaga shi a rana. Na zagaya kasuwannin Madina ban taɓa ganin irinsa a kwali ba. Da Baba ya rasu, ni na gaji ban-ruwansa, Umma kuma ta gaji yi mini faɗa a kan yadda nake yi.

A wata shekara itacen ya yi 'ya'ya har rassan suka ranƙwafa. Muka ci, muka raba wa maƙwabta, ya ƙi ƙarewa. Ni kuwa ban iya zuba wa abinci ido yana lalacewa. Ranar wata Litinin da safe na matse sauran da hannu, na tace, na cika wata babbar kwalba. Firij ba wuri, sai na kai ta ɗakin ajiya da niyyar washegari in dafa ruwan ya yi kauri kamar zuma. Da la'asar aka bugo waya cewa 'yata tana naƙuda a gidanta da ke unguwar Jurf. Na yayimi abaya na fita, takalmana ma ba iri ɗaya ba.

Kwana uku ina can, tsakanin dafa ruwan wanka da kukan jariri, kwalba ko a mafarki ba ta zo mini ba. Ranar Alhamis da yamma yayana ya zo barka. Shi mutum ne da ba ya shiga gida sai da tsokana a bakinsa.

"Umma na gaishe ki," in ji shi. "Ta ce ruwan inabin nan naki mumtaz, ba na biyunsa, da shi ta yi buɗa-baki. Kin san na gani a waya, irin ƙananan fararen nan Turawa ke yin farar giya da su, mai tsadar gaske? Ashe masana'anta gare mu a gida!"

Ya yi ta dariya, ni kuwa sai a lokacin kwalbar ta faɗo mini a rai. A zafin Madina ruwan inabi ba ya kwana biyu a waje lafiya. Umma ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, kuma azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta. Mace ce da ko turare ba ta shafawa sai ta tambayi abin da aka haɗa shi da shi. Yanzu a ce ni, da hannuna, na girka mata giya a garin Manzon Allah, kuma da ita za ta sha ruwa yau? Magariba saura ƙasa da awa ɗaya.

Na kira wayarta sau huɗu, na san kuma tana ƙarƙashin matashi inda take kwana ta yini. Na ce, "Yaya, tashi ka kai ni gida, yalla!" A mota na fayyace masa, dariyar ta koma ciki. Duk wutar titi da ta tsayar da mu sai da na ɗora masa laifinta.

Muka tarar da Umma a kan tabarma a gindin itacen, da dabino a faranti da kofi a gefenta. Ko sallama ban ƙarasa ba na fizgi kofin na sansana. Ruwa ne. Na ruga ɗakin ajiya, na ga an cire murfin kwalbar an ɗaure bakinta da farin ƙyalle, ruwan ya ragu kaɗan, tsami ya cika ɗakin har yana shiga ido. Na dawo na durƙusa a gabanta ina kuka.

"Umma, ki yafe mini. Sau nawa kika sha?"

"Ke lafiyarki? Me na sha?"

"Ruwan inabin. Na manta shi, ya juya."

Sai ta fashe da dariya har tana tari.

"Ya binti, ɗiyata, kofi biyu na sha, ranar da kika matse, da magariba. Da na ga isha ta yi ba ki dawo ba, na ɗauko tsohon khal ɗinmu, ruwan tsamin nan na salak, na juye masa. Ai idan tsami ya riga shiga, hanyar tsami yake bi, ba ya samun sukunin zama wani abu. Halas. Nan da wata guda ki zuba a salak."

Na zauna daɓas a ƙasa. Ban taɓa jin daɗin warin khal kamar na ranar ba. Yaya ya jingina da bango yana ta hamdala, ya ce daga yau ya tuba da tsokana, alkawarin da bai kai Juma'a ba.

Na tambayi Umma ina ta koyi wannan dabara. Ta laluba ta ɗauki dabino ɗaya ta riƙe, tana jiran kiran salla.

"Kina tsammani ke kika fara?" ta ce. "Babanku ya matse, ya manta, ya tafi Makka kwana goma. Khal ɗin da kuka tashi kuna ci a gidan nan duk jikokin mantuwarsa ne, kowace shekara ina ƙara sabo a kan tsoho. Bana ina ta tunanin ƙarfina ya ƙare, wa zai matse mini. Sai ga ki, har da mantuwar kika gado."

Ladan ya kira salla. Ta kai dabinon baki, ta miƙa hannu in mayar mata da kofin ruwanta, wanda har lokacin yana hannuna.