Masu zaman cika mota

Cikin duk ranakun da na yi a aikin tasha, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da wasu tsofaffin Turawa biyu suka zo neman motar zuwa wanka a teku. Ku yaranmu na tashar Madawa kun san ni da furfura da yawan faɗa. A lokacin ina biɗar kuɗi a ƙasar Kwaddebuwa, a wani gari mai tashar jiragen ruwa, ina kamasho a layin ƙauyukan bakin teku.

Ga wanda bai san aikin ba, ɗan kamasho shi ke kiran fasinja, ya zaunar da su, ya sallami direba in mota ta cika. Motar haya kuwa ba ta tashi sai ta cika. Shi ya sa muke da wata dabara. Fasinja ba ya son shiga motar da ba kowa, sai mu ɗauko 'yan'uwanmu da ba su sami aikin yini ba, mu zaunar da su kamar matafiya. Fasinjan gaskiya ya shiga, ɗaya daga cikinsu ya sulale ya sauka. Babbansu shi ne Baba Ila, mutumin Karofane, dattijo mai farin gemu wanda in ka gan shi a mota sai hankalinka ya kwanta.

Da hantsi wani ƙaton jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya, irin wanda ke yini ɗaya a gari ya wuce da yamma. Mutanensa galibi motocin jirgin ke kwasa. Waɗannan biyun suka ce su motar mutanen gari suke so. Matar na riƙe da jaka, ciki da gilashin rufe ido mai bututun numfashi da takalman roba kamar ƙafar agwagwa. Mijin ya faɗa mini sunan wani lungun teku mai duwatsu inda ruwa ke kwance, mutum ya kifa fuska ya ga kifaye. Cikin faransancinsa mai tsami ya ce matarsa sai da ta tsufa ta koyi iyo saboda wannan tafiya, kuma duk inda jirgin ya tsaya igiyar ruwa ta hana ta shiga. Nan ne zangonsu na ƙarshe.

Ya tambaye ni, "Yaushe za ta tashi? Dole mu koma jirgi kafin yamma."

Na nuna masa motar. "Duba da idonka, Yallaɓai. Wuri biyu ya rage bayan naku. Yanzu-yanzu."

Ranar ba kasuwar layin ba ce, na kuma sani. Taksi na tsaye a bakin tasha, da na nuna musu da sun isa tun kafin rana ta take. Amma duk ɗan kamasho haka aka koya masa: wanda ya shigo hannunka ba ka miƙa wa wani.

Matar ta zauna kusa da Baba Ila. Ta buɗe biskit ta bi kowa da shi. Ta tambaye shi ina za shi, ni ke yi musu tafinta ta taga. Baba Ila ya ce wurin ɗiyarsa da ta haihu. Sai ta shiga murna, tana tambayar sunan jinjiri. Ya juyo ya ce mini da Hausa, "Kai Hamidu, ka ga abin da ka ja mini. Yanzu sai na raɗa ma yaron da ba a haifa ba suna?" Aka yi dariya, ita ma ta yi, ba ta san me ake wa ba.

Rana ta yi sama. Fasinja na zuwa jefi-jefi, namu na sauka, wuri biyun nan na nan yadda yake. Da aka kira azahar mijin ya sauko ya same ni.

"Na gane matsalar," ya ce. "Ni zan biya wuri biyun da suka rage. Mu tafi."

A ƙa'idar tasha, in an biya wurin da ya rage mota ta cika ke nan. Direba ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce, "To kamasho, sallame ni mana, ko da waɗanga zan tahi?"

Ba wanda ya ba da umarni. Mutanenmu suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, har motar ta koma kusan wayam: Turawan, wata mai kifi, da ɗalibai biyu. Baba Ila ne na ƙarshe. Matar ta riƙo hannun rigarsa ta ce, "Papa, jikan naka fa?" Ta juyo gare ni in fassara. Ban fassara ba. Shi ma bai buƙaci fassara ba.

Direba ya ce ba zai ƙona mai da mutum biyar ba. Na ruga neman taksi, mai taksin ya dubi rana ya ce zuwa da dawowa ba za su tarar da jirgi ba. Mijin bai zage ni ba. Ya ɗauki jakar matarsa, ya ce mini, "Da ka gaya mana tun da safe, ai da ba mu ji haushi ba." Suka kama hanyar tashar jirgi a ƙasa.

Da yamma na kai wa Baba Ila ladan zamansa, ya ƙi karɓa. "Na ci abincin baiwar Allah, na yi mata ƙarya da ɗiyata. Kar ka ƙara kirana wurin wanga aiki." Bai sake zama a mota ba har ya koma gida.

Mu a tasha mun saba ganin lokacin fasinja kamar abin da ba shi ƙarewa: wanda bai tafi yau ba ya tafi gobe. Amma akwai mai goben da ba ta nan. Mai zuwa asibitin birnin Tawa, mai jarrabawa, mai son tarar da jana'iza a Keita. Shi ya sa kuke jin ina muku tsawa in kun ce wa mutum "yanzu-yanzu". Ku tambaye shi yaushe ya kamata ya isa. In motarku ba za ta kai shi ba, ku kama hannunsa ku kai shi ga wadda za ta tashi, ko ta wanda ba ku shiri da shi ce.