Ƙafar Baba Tukur a Kan Totur

Har yau ban manta da safiyar da Likita ya kira ni ofishinsa a Isa ba, ya sa na rufo ƙofa, sannan ya ce ana zargin Baba Tukur direba da sayar da man gwamnati.

A farkon shekarun tamanin ne, lokacin da fari ya haɗu da ciwon bushiya mai kashe shanu. Ku da kuka shigo aiki daga baya ba ku ga wannan lokaci ba. Ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, tafkuna suka ƙafe tun kafin kaka, shanu kuma ga yunwa ga cuta. Ni a lokacin ƙaramin akawu ne mai kula da motoci da mai a wani ofishin lafiyar dabbobi. Likita shi ne shugabanmu, ƙarƙashinsa akwai malaman allura, sai ni, sai direbobi biyu da makaniki. Aikinmu shi ne kai allurar rigakafi rugage, daga kewayen Isa har Sabon Birni da ƙauyukan bakin iyaka.

Ga yadda tsarin yake. Fetur daga Sakkwato yake zuwa cikin ganguna, ni nake raba wa kowace mota rabonta na mako. Idan ya ƙare ya ƙare, sai wani makon. Allurar kuma cikin kula ake ɗaukarta da ƙanƙara, in ƙanƙarar ta narke allura ta lalace. Kafin mu je wuri, sai a aika wa arɗo ya tara shanun mutanensa rana kaza a wuri kaza. A shekarar fari wannan ba ƙaramar buƙata ba ce, domin tara garke a wuri ɗaya yana nufin su yini ba kiwo.

Landiroba biyu gare mu. Ta hannun Garba, wanda matashi ne, manta yakan kai ƙarshen mako. Ta hannun Baba Tukur kuwa, tun mako bai ƙare ba sai a jingine ta. Ga iyaka kusa, kowa kuma ya san fetur yana da daraja a tsallake. Daga nan maganar ta taso.

Likita ya ce, "Malam Haruna, kai kake zuba mai. Mota iri ɗaya, hanya kusan ɗaya. Ina nasa yake tafiya?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ban sani ba. Abin da na sani shi ne yana ƙarewa."

Ya ce zai rubuta wa Sakkwato a dakatar da shi. Na roƙe shi ya ba ni tafiya ɗaya tukuna, in zauna cikin motar daga fita har dawowa. Shi ma ya san Baba Tukur dattijo ne mai iyali, kuma ba a taɓa kama shi da komai ba. Ya ce ya ba ni.

Auna shan mota ba wani abu mai wuya ba ne. Za ka tsayar da ita a shimfiɗaɗɗen wuri ka cika tanki har baki, ka duba agogon da ke ƙirga tafiya. In an dawo, ka tsayar da ita a wurin nan dai, ka sake cikawa da galan kana lura. Abin da ka zuba na biyu shi ne abin da ta sha. Sai ka raba nisan da aka yi da yawan man, ka san galan ɗaya ina yake kai ta. Allurar mai da ke gaban direba ba a dogara da ita, musamman a tsohuwar mota.

Da safe ina cikawa Baba Tukur yana tsaye da carbi a hannu yana kallona. Da ya ga na ɗaure murfin tankin da waya, sai ya ce, "Mi anka ce na yi, Malam Haruna?"

Na ce, "Baba, aunawa kawai za ni yi."

Ya ce, "To, auna."

Muka ɗauki malamin allura ɗaya muka nufi Sabon Birni, daga can za mu shiga dajin Kurawa. Tun kafin mu bar harabar ofis na fara ganin abubuwa. Sai da aka tura motar ta tashi, domin sitatarta ta daɗe da lalacewa. Da ta tashi, ya daɗe yana taka totur tana ruri a tsaye, wai injin ya yi ɗumi. A kan burji kuwa ba ya tafiya bai ɗaya. Da ya ga ɗan wuri mai kyau sai ya danna totur har ƙasa, yana hango gargada ya taka birki, ya sauko giya, ya sake dannawa. Haka muka yi ta yi har Sabon Birni. Na tambaye shi dalilin saurin, ya nuna kular da ke baya da babban yatsa.

Da muka shiga yashi ya tsaya ya rage iskar tayoyi, ya sa giyar taimako, wato wadda ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Wannan daidai ne, haka ake yi. Hanyar ba daɗin kallo. Gonaki sun koma fili, karan geron ma an kwashe wa dabbobi. An sassare rassan bishiyoyi saboda ganye, kuma ba ka daɗewa ba ka wuce mushen saniya ba.

A rugar farko muka tarar da shanu an tara. Malamin allura ya fara aiki, makiyaya suna kamawa yana yi, aikin da ya ci mana hantsi har zuwa azahar. Duk tsawon lokacin nan injin yana kaɗawa. Na je na sami Baba Tukur ƙarƙashin wata aduwa na ce, "Baba, ba za a kashe ta ba?"

Ya ce, "In na kashe ta cikin yashin ga, kai za ka tura? Dubi mutanen ga, wa ad da ƙarfin turin mota?"

Na koma na zauna.

Wuri na biyu da ya kamata mu je tun makon da ya wuce, amma mai ya ƙare ba a je ba. Da muka isa ba kowa sai kashin shanu da wani tsohon arɗo da 'yan tsirarun dabbobi. Bayan gaisuwa ya ce, "Kun ce mu tara, munka tara. Munka yini, munka kwana, ba mota. Yara sunka ce ba su iya tsayawa shanu su mutu da yunwa suna jiran allura. Sun yi kudu."

Malamin allura ya tambaye shi ko akwai masu ciwon cikin waɗanda suka tafi. Ya ce akwai masu hawaye da zawo. Kowa a cikinmu ya san ma'anar wannan, cutar ta bi su, kuma za ta shiga duk garken da suka haɗu da shi a mashaya. Baba Tukur yana tsaye yana ji. Aka yi wa sauran allura muka juyo.

Da muka hau burji a hanyar dawowa, bai cire taimako ba, tayoyi kuma a saɓule muka zo da su har Isa, domin babu famfon iska cikin motar. A saman motar kuma da bayanta akwai tarkacen da ya tara shekara da shekaru, tsofaffin sifirin, da sarƙa, da guntayen ƙarafa, wai ko za a buƙata.

Na kwance wayata yadda na ɗaure ta, na sake cika tanki. Motar ta sha daidai yadda ta saba sha, ina zaune a ciki, ba wanda ya taɓa murfi.

Washegari na gaya wa Likita abin da na gani. Na ce babu sata. Na ce abu biyu laifin ofis ne, sitata da famfo, sauran kuma yanayin tuƙi ne. Likita ya ji daɗi ƙwarai, ya sa aka kira Baba Tukur. Garba da makaniki suna bakin ƙofa. Ya ce masa an wanke shi daga zargi, sannan ya shiga jera masa abubuwan da zai gyara, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na faɗa.

Mun zaci zai yi godiya. Sai ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ranka shi daɗe, da anka ce na saci mai ban damu ba, don Allah ya san ban sata ba. Amma yau a gaban yara a ce ban iya tuƙi ba? Tun ba a haihi wanga akawu ba nike riƙe da sitiyari."

Ya aje makulli a kan tebur ya fita.

Likita ya fusata, ya ce a ba Garba motoci biyun ya riƙa juyawa. Amma wannan ba zai yiwu ba, domin babu wanda ya san hanyoyin dajin bakin iyaka kamar Baba Tukur, ga shi yana jin Fillanci, arɗo-arɗon kuma sun yarda da shi. Na sa makaniki ya gyara sitatar da kayan wata matacciyar mota, na aro famfon ƙafa, sannan bayan la'asar na tafi gidansa.

Na same shi a zaure. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya tura mini buzu. Na ce, "Baba, ni ban iya tuƙi ba, ko juya mota ban iya ba. Ba koya maka na zo yi ba. An gyara sitata, ga famfo. Abin da ya rage yana ƙafarka, kuma kai ka ji abin da arɗo ya ce."

Can ya ce, "Lokacin da munka koyi mota, da fetur muke wanke hannu. Maigidana cewa yake direban da injin nai ba ya kuka rago ne. Ba wanda ya taɓa ce min a tausaya ma totur."

Na ce, "Lokacin akwai man."

Ya ce, "To ƙanƙara fa? In na tahi a hankali ta narke, mi munka kai masu, ruwa?"

Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma shi da kansa ya warware ta. Ya ce a daina jiran buɗe ofis, a loda kaya tun yamma, a fita da an sallame asuba, a kuma naɗe kular da jiƙaƙƙen buhu. Sai ya kafa sharaɗi, ya ce zai koma, amma in na shiga motar kada in ce masa uffan.

Haka aka yi. Na cika tanki, na zauna a baya kusa da kula, bakina a rufe. Ya tayar da mota, ya ɗan saurara kaɗan ya ja. A kan burji ya sa babbar giya ya riƙe tafiya ɗaya, in ya hango gargada tun daga nesa sai ya ɗaga ƙafa ya bar motar ta rage da kanta. Ina ganin yadda abin yake cinsa, wani lokaci ƙafar takan danna sai ya tuna ya sassauta. A ruga ya nemi ɗan tudu mai tauri ya tsaya a kai ya kashe injin. Da muka fito daga yashi ya cire taimako, ya sauka ya buga wa tayoyi iska da kansa, ya ƙi yarda in taya shi. Tarkacen ya sauke mafi yawansu a gida, amma sifirin ɗaya da sarƙa ya ce ko Likita bai isa ya raba shi da su ba.

Da na sake aunawa, bambancin ya fi abin da na zata. A makon nan mansa ya kai ƙarshe, har aka samu na zuwa wasu rugage bayan Bafarawa waɗanda ba su cikin tsarin makon. Da na gaya masa, yana goge gilashi, bai ko juyo ba ya ce, "Ba don kai na yi ba, Malam Haruna, kuma ba don Likita ba. Don shanun mutane na yi."

Na ce na sani.

Ba zan ce wannan ya ceci dabbobin yankin ba. Shanu da yawa sun mutu a shekarar, wasu da cuta, mafi yawa da yunwa, kuma akwai makonnin da gangunan ba su zo daga Sakkwato ba sam, motoci biyun suka kwanta. Abin da ya canja shi ne, daga lokacin ba mu ƙara sa arɗo ya tara shanu muka kasa zuwa saboda motar Baba Tukur ba. Likita ya mayar da awon nan ƙa'ida ga kowace mota. Da aka zauna a ta Garba, sai aka ga shi ma yana da nasa, yakan ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya.

Ni da Baba Tukur kuwa ba mu koma kamar da ba. Muna gaisawa, muna aiki tare lafiya har ya yi ritaya, amma wasan da yakan yi mini da safe bai ƙara yi ba.

Abin da nake so ku ɗauka, ku da kuke rabon mai yanzu, shi ne awo yana gaya maka yawan man da ya tafi, amma ba ya gaya maka inda ya tafi. Kafin ka kira mutum ɓarawo, shiga motar ka zauna, ka ga abin da ƙafarsa take yi da abin da ofis ya kasa gyara masa. In kuma ka gano gyaran a tuƙinsa yake, to ka ja shi gefe ku biyu. Direba yana iya haƙuri da ƙarancin albashi da mugunyar hanya, amma tuƙin nan shi ne abin da yake taƙama da shi, kuma ba a taɓa masa shi a gaban yara.