Rabin Tiren Mma Mamuna

Da an sallame sallar asuba, Mma Mamuna takan bi lungun bayan masallaci zuwa rumfarta ta goro a Zongon Kumasi, tana amsa gaisuwa da Hausa, da Twi, da Zabarmancin da ta gada wurin iyayenta mutanen Nijar. Ta yayyafa wa huhunan goro ruwa, ta shimfiɗa buhu, ta zauna tsince: fari gefe, ja gefe, mai sankara kuwa a jefar tun bai lalata saura ba. A kan wannan aiki gashinta ya yi fari. Amma duk ƙwarewarta, tana da wata ɗabi'a da ta daɗe tana ba abokan sana'a dariya. Ba ta ƙarasa tiren ƙarshe da yamma. Sai ta tsince rabi, ta lulluɓe sauran da ɗanyen ganye, ta kulle rumfa. Mubarika mai rumfar kusa, wadda bakinta bai san hutu ba, ta sha cewa tsufa ne ya fara taɓa Mma. Ashe saboda Rafi'u ne.

Rafi'u direban trotro ne, ƙaramar bas ta haya, a tashar Sofoline kafin ciwon ƙwaƙwalwar da likitoci ke kira sikizofiriniya ya kama shi, ya riƙa jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. Magani ya kashe muryoyin, aka yi murna. Sai dai mutumin da ya dawo gida ba ya motsi. A ajiye masa bokiti da sabulu, azahar ta same shi yana kallonsu. Yayansa Abdulgafar, dillalin shanu, wanda ya ɗauki nauyin jinyar tun farko, ya kai maƙura, har ya shirya kai shi wani daji inda ake ɗaure masu irin wannan ciwo da sarƙa.

"Mma, na gaji wallahi," in ji shi. "Muryoyin sun tafi. Me ya rage in ba lalaci ba?"

"Ka bar mini shi zuwa bayan Babbar Sallah, ɗana. Kakra-kakra," in ji ta, wato sannu-sannu. "In bai motsa ba, ni da kaina zan raka ku tasha."

Ba danginta ba ne, maƙwabtaka ce kawai. Ta bi shi asibiti ranar allura, ta tsare nas da tambaya. Nas ɗin ta ce mata ciwon yakan cinye niyya. Abin da mai lafiya ke yi ba tunani, shi sai ya jera shi a kai, me zai fara, me ke biye, kafin ya gama jerawa ya riga ya gaji.

Ta kawo shi rumfa, ta ajiye masa cikakken tire, ya wuni bai taɓa ba. Haka aka yi ta yi, Sallah na matsowa, Mma na ramewa da fargaba. Rannan aka kira ta waje tana tsakiyar tsince, ta bar tirenta a gabansa. Da ta dawo ta tarar da hannunsa a ciki, fari gefe, ja gefe. Mubarika ta ce Mma ta daskare a bakin rumfa, ko tari ta ƙi yi. Nan Mma ta gane farawa ce ta gagare shi, ci gaba bai gagare shi ba. Tun daga ranar take kwana da rabin tire, don kada safiya ta zo masa da sabon aiki. Ta koya wa mutanen gidansu ma: a jiƙa masa soso a miƙa, a faɗa masa abu ɗaya, sai ya gama a faɗi na biyu. Sallah ta zo ta wuce, Abdulgafar bai sake ta da zancen daji ba.

Mma, ke ce kika saurari nas, kika kuma saurari shirun marar lafiya. Ke ce aka yi wa dariya kika ƙi kare kanki, don kada a san sirrin bawan Allah. Uwar marasa ƙarfi, lamarinki yana ba ni mamaki har yau.

Bara mijinta Malam Boukari ya rasu. Ta gama takaba, amma ba ta koma rumfa ba. Matar da ke riga kowa fita ta koma zaman tabarma, koko na hucewa a gabanta. Aka yi lallashi, aka yi wa'azi, ba ta motsa ba.

A rumfa kuwa rabin tire tuni ya ƙare, sai sabon huhu ɗaure da igiyarsa. Mubarika, wadda ke buɗe masa rumfar, ta ce rannan tun hantsi Rafi'u ke tsaye a kansa, gumi na zubo masa, ita kuma ta danne bakinta da ƙyar. Can dab da azahar ya sunkuya ya kwance igiyar. Ba wanda ya fara masa. Ya cika tire, ya tsince rabi, ya lulluɓe da ganye, ya ɗauka ya ratsa Zongo har gaban tabarmarta.

"Mma, na fara miki," in ji shi. "Ƙarasawa kawai za ki yi."

Ta daɗe tana kallon tiren, hawaye na sauka. Sannan ta miƙa hannu.

A watan nan ciwon gwiwa ya sa ta miƙa wa Rafi'u makullin rumfa. Ciwonsa bai rabu da shi ba, yana karɓar allurarsa, akwai ranakun da jikinsa ke nauyi, amma yana nan cikin mutane, ƙafarsa ba ta san sarƙa ba. Mun gode, Mma Mamuna. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Mu kuma da muka saura, duk mai irin Rafi'u a gida, kafin ya kira shi rago, ya zauna kusa da shi ya fara masa rabin aikin tukuna.